Kafin ka sayi sabar rumbun bayanai: ƙwayoyi da yawa, ko kaɗan masu gudu?

Abin da ya fi ruɗar masu saye shi ne adadin nan guda ɗaya da allo ke nunawa na aikin CPU, wato ƙwaƙwalwar sabar, wadda ta ƙunshi ƙwayoyi (cores) da kowacce ke aiki da kanta. A sabar mai ƙwaya 64, idan ƙwaya ɗaya ta cika maƙil sauran suna zaune, allo zai nuna kusan kashi 1.6 cikin ɗari, alhali masu amfani suna ta kukan komai ya tsaya cak. Redis, wata manhajar rumbun bayanai, a zare ɗaya (layin aiki guda, a kan ƙwaya ɗaya) yake aiwatar da umarni. PostgreSQL, wata manhajar irin wannan, shi ma yakan ɗora ƙaramar tambaya a kan ƙwaya ɗaya har ta kammala. Don haka kafin ka kira dillali, buɗe top, manhajar Linux mai nuna aikin CPU, ka danna 1, ko ka gudanar da mpstat -P ALL, ka gani ko nauyin ya bazu ne ko ƙwaya ɗaya ce ke shan wahala.

In ƙwaya ɗaya ce, ƙarin ƙwayoyi asarar kuɗi ne. CPU ɗin EPYC 9654 na AMD yana da ƙwaya 96 masu gudun 2.4 GHz, shi kuwa 9174F ƙwaya 16 kacal, amma a 4.1 GHz. Ni na biyun zan zaɓa wa irin wannan aiki, musamman in SQL Server ne, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, domin kuɗin lasisinsa galibi bisa yawan ƙwayoyi ake biya, kuma nau'in Standard na 2019 ba ya amfani da fiye da 24. Mai ƙwaya 96 ɗin kuwa sai in haɗi ɗaruruwa daga masu amfani ke shigowa lokaci guda.

Akwai wani tarkon kuma. Hyper-Threading, da Intel ta fito da shi a 2002, da takwaransa na AMD, suna sa ƙwaya ɗaya ta bayyana kamar biyu. Zare na biyun raba kayan aiki yake da na farko, ƙarin da yake kawowa bai kai rabi ba. Sabar da ta nuna kashi 50 tana iya kasancewa ta ci mafi yawan ƙarfinta, ka ƙara mata kaya kaɗan ta durƙushe.

Mai son hayar saba a intanet sai ya tambayi ma'anar vCPU, wato ma'aunin CPU da ake ba da haya da shi. A AWS, sashen hayar sabobi na Amazon, a yawancin injunan Intel da AMD zare ɗaya ne, a Graviton, CPU ɗin da AWS ta ƙera, kuwa cikakkiyar ƙwaya ce. Lokacin gwaji ka sa ido kan gurbin st a top, wanda ke nuna lokacin da aka kwashe maka aka bai wa wasu masu haya a kan injin.