Ajin girki na naƙasassu da nake kai yayata a unguwar Zariya

Salam jama'a. Wata biyu kenan duk Asabar da hantsi ina ɗaukar yayata a adaidaita mu tafi wani ajin girki nan Zariya, wata ƙungiyar mata ce ke koya ma manya masu naƙasa, makafi da guragu da kurame, kuma ba a biyan ko dala. Yaya ba ta gani tun tana ƙarama, bara kuma lokotoro ya ce tansiyonta ya hau sai ta rage gishiri. To ta rage ta yaya, ita da hannu take ɗiba ta zuba, ta murje magi uku a miyar mutum huɗu, mu ma haka muka tashi muka gani.

Ranar farko madam ɗin da ke koyarwa ta zuba ma kowa gishiri a tafin hannu, ɗan mitsitsi bai cika cokalin shayi ba, ta ce ƙasa da giram 5 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci a wuni, kuma har da wanda ke cikin burodi da kilishi da magi, tunda shi magi kusan rabinshi gishiri ne. Wallahi jikina ya yi sanyi. Kanwar da muke jefawa a wake ma ashe tana cikin lissafi.

Abinda ya fi burge ni ba sa karɓe ludayi daga hannun mutum. Yaya da kanta take yanka albasa, an koya mata lanƙwashe yatsu, gwangwanin gishiri an ɗaura mashi roba ɗaya, na tonka biyu, na citta uku, tana shafawa ta gane, da murfin kwalba take awo yanzu. Maimakon magi kuma, daddawa da tafarnuwa da albasar Galmi a soya su sosai, a matsa lemun tsami in za a sauke. Sati biyun farko ta yi ta mita wai miya lami, yanzu kuwa in an kawo mana abincin biki ita ke fara cewa gishiri ya yi yawa. Kwaɗon zogalen Jiratawa da ta yi mana ran Juma'a ko ƙwayar magi babu, Baba har ƙari ya nema.

Amma akwai gyara gaskiya. Ƙofar shiga matakala uku ce, mai keke sai an ɗaga ta, kuma na ga yadda abin ke sosa ma wata baiwar Allah rai duk sati. Kurame babu mai yi masu maganar hannu, kallo kawai suke bi. Sannan da gaz ake koyarwa alhali yawancinmu gawayi ne ko itace a gida, makaho kuwa a nan ne ya fi buƙatar a nuna mashi. Na ce ma madam, Hajiya don Allah a kawo kurfoti ko guda biyu ne, ta ce Asabar mai zuwa mu zo da namu za a dafa wake a kanshi, wanda aka jiƙa tun dare ba kanwa.