Farin tef ko ƙarfe-da-ƙarfe: wanne ya dace da bakin silinda?

Malam, ka ce regiletar (na'urar rage matsin iska) silindar naitirojin ta ɗakinku na gwajin ƙasa a wajen Ringim tana huci, kuma mai gyaran famfo ya ce a naɗa mata farin tef. Kada ka naɗa. Shi ma bai yi ƙarya ba, a kan bututun ruwa yake magana. Tankin da ke sama mita 10 matsin ba 1 (bar, ma'aunin matsi) kawai yake bayarwa, ita kuwa cikakkiyar silinda tana ɗauke da ba 150 zuwa 200.

Abin dubawa shi ne inda ake toshe iskar. Farin tef ɗin nan PTFE ne, wani nau'in roba, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, aka sa masa suna Teflon. An yi tef ɗin ne don tiredi (haƙoran ɗauri) mai tsukewa, irin BSPT ko NPT, wanda ke ƙara matsewa yayin da kake ɗaurawa. A nan tiredin ne da kansa yake toshewa, tef yana cike 'yan kafofin da suka rage, yana kuma sa santsi. Naɗi biyu ko uku ya isa, ta ɓangaren da ake ɗaurawa, a bar haƙorin farko tsirara. Ga arha, ga shi ko'ina ana samu. Sai dai yana da taushi, yana lotsewa a hankali idan matsi ya daɗe a kansa, kuma da zarar ka kwance sai ka sake sabo.

Bakin regileta ba haka yake ba. Kwance ka duba: za ka ga ɗan kai mai santsi kamar kan ƙwai, yana zama cikin wani rami mai gangare a bakin silindar. Nan ne ƙarfe ke danne ƙarfe. Aikin notin kawai ya jawo su su haɗu. In ka sa tef, sai notin ya yi tauri kafin kan ya zauna daram, ka ɗauka ka ɗaure alhali iska na fita. Mafi muni, ɓarɓashin tef ya shige ciki ya maƙale a bawul, allurar agogon matsi ta riƙa hawa ita kaɗai. In iskar oksijin ce, ko maiƙon hannu bai kamata ya taɓa wurin ba, balle girisi.

Haka ma kayan haɗa bututu na kamfanin Swagelok masu zobe biyu: zoben ne ke cizon bututun. A bututu mai kwata na inci, ka ɗaure da hannu, sannan sufana ta yi zagaye ɗaya da kwata. Wani nau'in haɗin ƙarfe-da-ƙarfe mai mazugi da tiredi kuwa yana kai wa ba 4,000, inda tef ba shi da ta cewa.

Raunin ƙarfe-da-ƙarfe shi ne tsada da rashin haƙuri da datti. Ƙwayar yashi ɗaya ta hunturu tana iya karce fuskar, shi ke nan yoyo, kuma ƙarin ƙarfi da sufana ƙara lalata ta yake yi.

Don haka rufe silindar, sauke matsin, kwance, goge fuskokin biyu da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka mayar. Shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. In akwai karce da farce ke ji, canza kan ko regiletar gaba ɗaya, ka kuma tabbatar lambar bakin ta yi daidai da ta silindar kafin ka biya kuɗi a Kano.