Daren jam a Freedom Park ko babban wasa a Shrine?

Samari 'yan Agege sun dame ni da tambaya, wai wanne za su fara zuwa a Legas, daren jam (inda makaɗa ke haɗuwa su yi kiɗa tare) a Freedom Park ko babban wasa a Shrine, to ga abin da na gani.

New Afrika Shrine yana Agidingbi a Ikeja, Femi da Yeni Kuti suka buɗe shi a 2000, daga Agege kusa ne, kuɗin mota kaɗan. Amma lokacin Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, a watan Oktoba jama'a ta yi yawa wallahi, kana tsaye gumi na zuba, ƙahoni da ganguna na dukan ƙirjinka, hayaƙi ko'ina, kuma wayarka sai ka riƙe ta gam.

Freedom Park kuwa a Broad Street yake cikin Lagos Island, tsohon gidan yarin Turawan mulki ne aka mayar wurin shaƙatawa. Nan kana zaune dab da mai jita har kana ganin yatsunsa, wani lokaci a miƙa maka makirufo. Matsalar dai nisa ce, tsallako gada da dare ba wasa ba.

Ɗan'uwa mai koyon jita ko ganga, jam ya fi masa amfani. Mai son jin Afrobeat da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa kuma, ya nufi Shrine da abokansa.