Tseren iyo, keke da gudu: wane keke ya dace da ɗan Maraɗi?

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ƙanena ya tare ni a ƙofar gida da waya a hannu. "Yaya, dubi wanga keke. Daga Turai aka shigo da shi, mai shi ya ce da yatsa biyu ana ɗaga shi." Keken tsere ne baƙi, tayarsa siririya kamar bulala. Yaron ya shekara yana bin mu gudun safe, yanzu kuma ransa ya kwanta a kan tiriyatalon, tseren nan da ake haɗa iyo da tuƙin keke da gudu a jere, agogo bai tsayawa sai ka kai ƙarshe. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Abin da na faɗa masa a zauren gidanmu shi ne nake so in shimfiɗa a nan.

Wasan ya samo siffarsa ta yau a San Diyego ta Amurka a 1974, ya shiga gasar Olimfik a Sidini a 2000. Tazarar Olimfik ita ce iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Mai farawa yakan shiga gajeriyar, wato rabin wannan: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Ko wacce ka ɗauka, kusan rabin lokacinka a kan sirdi zai ƙare, kuma keken ne zai ci mafi yawan kuɗinka. Shi ya sa kuskure a nan ya fi ko'ina ciwo.

Keken gida, irin Phoenix mai kariya da birkin ƙarfe, ba na raina shi. Kowane mai gyara daga Sabon Gari har Ali Ɗan Sofo ya san cikinsa da bayansa. In shi gare ka, fara gina ƙafa da shi tun gobe. Amma nauyinsa ya kusa kilo 20, giyarsa ɗaya, ka zauna a miƙe iska na dukan ƙirjinka. Na atisaye ne, kada ka sayi sabo don gasa.

Sai keken VTT, wato na bin kowace irin hanya, mai kaurin taya, kuma iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Akwai sabon nan mai walƙiya, da sifirin gaba da baya, mai araha. Yana jan ido, ni kuwa ba na ba kowa shawarar sa. Duk takun da ka yi, sifirin na baya yana shanye wani abu daga ƙarfinka kafin ya kai ga taya, ga nauyi, ga giyar da ba ta jure yashi. Ɗayan kuwa tsohon VTT ne na hannu, wanda ba shi da sifirin ko kaɗan, mai ƙafa lamba 26 da giyar Shimano. Fentinsa ya koɗe, ba mai waiwayarsa a kasuwa. Ka cire tayar nan mai haƙora, ka sa mai santsi, 26 x 1.5, sai ka ga keken ya canza hali a kan kwalta. Taya da tib na lamba 26 ba sa wuyar samu a gari, kuma in ka sauka daga kwalta zuwa jar hanya ko lungun unguwa mai rairayi, ba sai ka sauko ka tura ba. Ga mai shiga gasar farko ta kilomita 20, wannan nake zaɓa masa.

Keken tsere mai lanƙwasasshen kai, irin wanda ƙanena ya gani, shi ne ya fi waɗancan gudu, ba gardama. Na alminiyom yana tsakanin kilo 9 da 10. Ni ma shi nake hawa yanzu, amma na sha wuya kafin mu fahimci juna. Na farkon da na saya tayarsa milimita 23 ce. Mai sayarwa ya rantse mini cewa tib ɗinsa "lamba 28 ne, ko'ina akwai". A sati guda na yi faci uku a hanyar Jiratawa, duk tsidau ne, ƙayar nan ƴar ƙarama da ke kwance a gefen titi. Da tib ɗin ya gaji da faci, na kai wa wani dattijo mai gyara. Ya juya ƙafar, ya karanta rubutun gefen taya, ya ce, "Ɗana, wagga ba ashirin da takwas ɗinmu ba ce." Na ce, "Baba, ai haka aka ce mini." Ya ɗauko tayar keken gida ya ɗora a kan gargaren, ta yi masa yawa. Sati uku keken yana jingine kafin wani direba ya kawo mini tib daga Kano.

Dalilin yana da kyau a sani. Tayar keken gida, 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635 ne. Ta keken tsere, wadda ake rubuta wa 700C, milimita 622 ce. Dukansu ana kiran su 28, amma ɗaya ba ta hawa gargaren ɗaya. Ka duba gefen taya, za ka ga lamba kamar 25-622 ko 28-622: ta farko kaurin taya, ta biyu faɗin gargare. Wannan lambar za ka rubuta wa duk wanda ka aika. Haka bawul: na keken tsere siriri ne, ana ce masa Presta, kuma injin masu faci na bakin titi an yi shi ne don bawul mai kauri irin na babur da mota. Ko ka sayi famfonka, ko ka nemi ɗan ƙarfen da ake murɗawa a kan bawul ɗin ya dace da nasu. Ƙaramin abu ne, amma rashinsa kan tsayar da mutum a Tibiri da rana tsaka.

In dai ka nace sai keken tsere, to ka nemi wanda ƙashinsa ke da sararin ɗaukar taya milimita 28 ko 32. A kwaltar da ke da faci-faci da rairayi a gefe, wannan kaurin ya fi 23 sauƙi a jiki, kuma gudun da za ka rasa bai taka kara ya karya ba. Kada ka fita da keken daga hannun mai shi sai ka tanadi tib biyu da taya guda ta ajiya.

Sannan abin da aka ƙera ƙashin da shi. Ƙarfe in ya tsage, mai walda na unguwa zai iya ceto shi. Alminiyom ba ya tsatsa, amma waldarsa sai gwani da injin musamman, don haka ka goge ƙura ka duba duk inda bututu biyu suka haɗu. Kabon kuwa, wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba, wanda ake ɗagawa da yatsa biyu, yana iya tsagewa daga ciki fenti bai nuna ba, kuma ba a yi masa walda. Wanda ƙanena ya gani irinsa ne, kuma na hannu ne, ya sha jifa a kwantena, ba ka san faɗuwa nawa ya yi a hannun mai shi na farko ba. Ban yarda ƙanena ya ɗora ransa a kai ba. Keken tiriyatalon na ainihi, mai sanduna biyu a gaba da ake kwantar da gwiwar hannu a kansu, shi ma ka bar shi: hannunka yana nesa da birki, hanyar Ɗan Isa kuwa ga tireloli, ga ƴan kabu-kabu, ga amalanke da awaki.

Duk wanda ka zaɓa, sai ya zama daidai tsawonka. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai ɗan sarari tsakaninka da sandar sama. Ka hau sirdi, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Keke mai kyau da ya yi maka girma zai ba ka ciwon baya da wuya, ga gudu yana jiran ka da ka sauka.

Kada keken ya cinye kuɗin duka; ni kashi ɗaya cikin uku nake cewa a ware don sauran kaya. Hular kwano dole ce a gasa, kuma doka ta ce ka ɗaure ta kafin ka ɗauki keken daga inda aka rataye shi. Ta babur ta yi nauyi da zafi, a watan Afirilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ba za ka jure ta ba. Nemi ta keke mai ramukan iska, da tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC a ciki. In ka ga tsaga a farin soson cikinta, ta gama aiki. Takalmin da ke maƙalewa a feda ba na bana ba ne, takalmin gudunka ya isa keke da gudu duka, har ma ya rage maka lokacin canji daga keke zuwa gudu. Sarƙa kuma kada a zuba mata baƙin mai: da ƙurar hunturu ta hau, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin haƙoran giya. Mai mara kauri, ɗigo-ɗigo, a goge da tsumma.

Iyo bai buƙatar sayayya mai yawa, tabarau na ruwa da kaya masu kama jiki. Rigar robar nan mai kauri da ake gani a hotuna ta ruwan sanyi ce, a gajeriyar tazara ma hana ta ake yi in ruwa ya kai digiri 22. Abin da ya fi damuna shi ne wurin koyo. Gulbin Maraɗi da damina ba wurin atisaye ba ne, ruwan kwance kuma, ko tafkin Madarumfa ko kududdufi, ana iya kwasar tsargiya a ciki. In ka samu kwamin iyo mai tsabta, kuɗin shigarsa ya fi cancanta da kuɗin kabon, kuma kada ka shiga ruwa kai kaɗai.

Ƙanena ya yi kwana biyu yana fushi, sannan muka tafi tare ya ɗauki wani tsohon VTT na ƙarfe, shuɗi, aka sa masa taya mai santsi da sabuwar wayar birki, canjin ya isa hula da famfo. Ranar Lahadi bayan sallar asuba za mu je Tibiri mu dawo, kuma da ya sauka zai jingine keken ya yi gudun kilomita biyu nan take, don ƙafarsa ta fara sanin nauyin da ke zuwa bayan feda.