Wata bakwai ina aiki da Big Knob Passive a situdiyona, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ɗora hoton teburina a sitatus ake ta tambayata wai ɗan baƙin akwatin nan mai ƙaton mamurɗi da ke gefen kibod ɗina meye amfaninsa, wasu sun ɗauka sawun kad ne (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ya kuma fitar da shi), wani ma cewa ya yi sabon abin gyaran murya na samo nake ɓoye musu. To ba ko ɗaya. Kwantirolan monita ne, wato abin sarrafa sautin da ke zuwa sifikun situdiyo, sunansa Mackie Big Knob Passive, yau wata bakwai kenan kullum hannuna na kansa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Situdiyona ɗan ɗaki ne a Tudun Wada, ba wani girma gare shi ba, in mutum biyar suka shigo to sai ɗaya ya tsaya bakin ƙofa. Yawancin aikina waƙoƙin biki ne da bege da tallan rediyo, in lokacin siyasa ya zo kuma kun san yadda ake. Ina da sifikun Yamaha HS5 guda biyu, masu farin tsakiya ɗin nan, da wata 'yar ƙaramar sifika guda ɗaya da nake gwaji da ita, sai kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa FL Studio.

Bari in fara da gaskiyar da masu sayarwa ba sa faɗa: akwatin nan ba ya gyara sauti ko ƙwayar zarra. In mikisin ɗinka, wato haɗin murya da kiɗa, ya yi tauri to da taurinsa zai wuce ta ciki ya fito. Aikinsa kawai ya zauna tsakanin sawun kad da sifikunka, ya ba hannunka iko. A baya yana da wajen shigar sauti biyu da wajen fita biyu, duk na jak babba, sannan akwai ƙaramin rami irin na hedifon ɗin waya. A sama kuma mamurɗin ne, sai maɓallan zaɓen abin da zai shigo da sifikar da zai fita, da wasu uku da aka rubuta MONO, MUTE da DIM. Shi kenan. Ba ya cin wuta, ba shi da caja, ba shi da batir, kuma wallahi a garin nan wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya kalle shi sau biyu.

Abin da ya tura ni nema tun farko wani abin kunya ne. Ina cikin kunna wa wata Hajiya waƙar bikin 'yarta sai kwamfuta ta daskare ta saki wata irin ƙara ƙiiiii da dukkan ƙarfinta, linzami ya ƙi motsi, sawun kad ɗina yana can ƙuryar tebur bayan tarin wayoyi, shi kuma mamurɗin HS5 a bayan sifika yake kowacce da nata. Kafin in lalubo soket na zare Hajiya ta riga ta kai tsakar gida tana salati. Da ta dawo cewa ta yi, "Ɗan nan, so kake ka kurmantar da ni kafin bikin?" Na ce Hajiya a yi haƙuri tsautsayi ne, amma kunnena na dama ya kwana biyu yana kuka.

Da farko arha na bi, na sayi wani mara suna wajen wani mai kayan sauti a cikin gari. Sati uku lafiya lau, daga nan in ka murɗa sai ka ji ƙarar-ƙarar kamar ana taka busasshen ganye, lokacin kuma hunturu ne ƙura ko'ina. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne in na rage sauti ƙasa sosai sai muryar mawaƙi ta karkace ta koma hagu. Na yi ta zargin sifikata har na kusa kai ta wajen mai gyara, ashe ba ita ba ce. Shi mamurɗin irin wannan akwati layi biyu ne a cikinsa, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma can ƙasa kusa da sifili ne suka fi saɓawa juna, in na banza ne saɓanin sai ya yi yawa har kunne ya kama. Da na koma wa mai shagon sai ya ce ai ni na cika murɗawa. To mamurɗi in ba a murɗa shi ba me za a yi da shi, a rataya a wuya?

Shi wannan na yanzu wani abokina ne ya taho min da shi daga Alaba a Legas, kuɗinsa bai kai na HS5 guda ɗaya ba. Yana fitowa daga kwali abin da ka fara ji nauyinsa ne, jikinsa ƙarfe, ba ya bin hannunka ya zame a kan tebur in kana murɗawa. Kuma da yake wancan ya koya min hankali, tun ranar farko na rage ƙarfin sifikun daga bayansu yadda zai zama inda nake aiki mamurɗin yana wajen tsakiya, kamar ƙarfe sha ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya na agogo, ba can ƙasa ba. Duk wanda zai sayi kwantirola mara wuta ko na wane kamfani ne ya yi haka, tun da na yi murya tana nan daram a tsakiya.

Yanzu maganar da ta sa na ce kuɗina ya fito, maɓallin MONO, mai haɗe sautin hagu da na dama ya zama ɗaya. Mu fa mu daina yaudarar kanmu, mu ne kaɗai muke zama tsakiyar sifika biyu muna jin abu hagu da dama. Wanda ka yi wa waƙar a ina zai ji ta? A wayarsa, ko a cikin Keke Napep, ko a 'yar rediyon mai shayi mai cin memori, ko a wajen biki inda DJ ya jona sifika ɗaya ya ajiye ɗayar can bayan rumfa. Akwai wata waƙa da na yi bara kafin in sayi akwatin nan, na baza 'yan amshi da wata 'yar manhajar faɗaɗa sauti har ina jin kaina wani babban injiniya, a situdiyo kamar su fito daga bango. Ranar kamu ango ya kira ni yana cewa Oga ina 'yan amshin da muka biya kuɗinsu, mu fa mawaƙin kaɗai muke ji. Abin da ya faru shi ne irin wannan faɗaɗawar tana sa sautin hagu da na dama su yi hannun riga, in aka haɗe su wuri guda sai su cinye juna, abin da ke tsakiya ya tsira, na gefe ya dushe. Na san FL Studio ma yana iya mayar maka da mono a kan masta, layin da duk sautin waƙar ke haɗuwa, amma tsakani da Allah sau nawa kake tunawa ka je ka taɓa shi? Ni dai ban cika yi ba. Da ya zama maɓalli ne a ƙarƙashin yatsana sai ya zama ina dannawa sau ashirin a waƙa ɗaya ba tare da na yi tunani ba. Har ma na koma fara daidaita murya da kiɗa a mono tukuna, in sun zauna lafiya a nan sannan in buɗe.

Haka ma sauya sifika. Na jona HS5 a fita ta farko, 'yar ƙaramar a ta biyu, danna ɗaya na koma jin abin da mai waya zai ji. Turawa sun daɗe da wannan dabarar, akwai wata 'yar sifika mai siffar akwati Auratone da manyan situdiyoyin Amurka suke ajewa don kawai su ji yadda waƙa za ta fita a ƙaramar rediyo. A nan nake kama bes ɗin da ya ɓace gaba ɗaya, da kalangun da ya danne baitin mawaƙi. Shi kuma ƙaramin ramin nan, mawaƙi zai zo ya ce Oga irin wannan nake so ya miƙo waya, da sai na tura ta cikin kwamfuta, yanzu waya ɗaya zan soka mu ji tasa mu ji tawa nan take a sifika ɗaya. Wani sa'in abin da ciwo, kana jin na wasu kana jin naka, amma gara ka ji a ɗakinka.

DIM rage sauti yake yi sosai ba tare da ka taɓa mamurɗi ba, in an kira waya ko ana sallama a ƙofa ko an fara kiran sallah ka danna, ka gama ka sake, ka dawo daidai inda kake. Wannan dawowa daidai ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Kunnen ɗan Adam in sauti ya yi ƙarfi ya fi jin bes da siririn sama, in ya yi ƙasa sai su janye, tun 1933 wasu masu bincike biyu Fletcher da Munson suka auna wannan. Shi ya sa duk waƙar da ka ƙure wa murya sai ta yi maka daɗin ƙarya. Ni abin da na yi, na sa manhajar auna ƙara a waya, na nemi wajen da ya tsaya kusa da desibel 75 (ma'aunin ƙarfin ƙara kenan) a inda nake zama, na manna 'yar farar salatif a jikin akwatin. Awon waya ba cikakke ba ne amma ya ishe ni tunda kullum wuri ɗaya nake komawa. Masu ilimin lafiyar kunne suna cewa desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabewa biyu yake. Ku gaya min, mu da muke shiga tun bayan azahar sai ƙarfe biyun dare. In mawaƙa suka ce Oga ƙara mana wuta, ina ƙara musu na minti ɗaya su yi rawarsu su yi bidiyon TikTok, sannan in dawo kan salatif ɗina.

Abubuwan da babu a cikinsa kuma ya kamata ka sani kafin ka tura kuɗi. Babu wajen hedifon, babu makirfon magana da wanda ke cikin ɗakin ɗaukar murya, kuma tunda ba ya cin wuta babu fitila ko ɗaya, sai dai ka duba ko maɓalli ya shige ko ya fito. Akwai daren da na manta MONO a danne na shafe kusan awa ina murɗa kiɗa hagu da dama ina mamakin me ya sa ba ya motsi, yaron da ke koyon aiki wajena ne ya leƙo ya ce "Oga kamar fa abin nan a danne yake." Laifina ne, barci ne a idona. Wanda yake ɗaukar mutum uku huɗu lokaci guda, ko 'yan amshi ko 'yan wasan kwaikwayon rediyo, wannan ba nasa ba ne, ya duba yayyensa Big Knob Studio da Studio+ da suke da wajen hedifon da makirfon magana, ko PreSonus Monitor Station V2 ko Audient Nero, waɗannan biyun hedifon huɗu-huɗu suke ɗauka. Sai dai duk suna son wuta, wato ƙarin abu ɗaya kenan a kan sitabilaiza da ƙarin abin fargaba duk lokacin da aka ɗauke aka tada janareto.

Maganar wuta ta tuna min, kada wani ya ɗauka MUTE, maɓallin yanke sauti gaba ɗaya, kariya ce daga wutar da ta zo da ƙarfi. Abin da yake tarewa shi ne ƙarar da ta biyo ta wayar sauti, kamar ɗas ɗin nan da sawun kad yake yi in ana kunna shi ko kashe shi. Ita sifika da nata filogin, in wuta ta yi tsalle ta can za ta shiga. Don haka dokar tana nan, sifika ce ƙarshen kunnawa kuma ita ce farkon kashewa.

Sai wayoyi, a nan mutane da yawa suke ɓata abin su zo suna zagin akwati. Ka nemi jak mai zobe biyu baƙaƙe a bakinsa, ba mai zobe ɗaya irin na jita ba, mai zobe biyun shi ne yake kashe gurnanin nan huuum da wutarmu ke sakawa. Kuma kada su yi tsawo, kwantirola mara wuta ba shi da abin tura sauti, in waya ta yi tsawo sosai siririn sama yana iya raguwa, nawa duk ba su wuce mita biyu ba. Sannan kwamfuta da sawun kad da sifiku duk na haɗa su a layin soket ɗaya. Ƙura kuwa, kullum in zan rufe sai na yafa masa wani tsohon hirami.

In sifikunka biyu ne kacal kuma sawun kad ɗinka yana gaban hannunka da mamurɗinsa mai kyau, gaskiya ba dole ba ne, ka tara kuɗin ka sa wa bangonka abin tsotse sauti ya fi maka. Amma in kana da sifika ta biyu ta gwaji, ko kana irin aikina na waƙar da za ta ƙare a filin biki, to ni dai da za a sace shi yau gobe zan aika Legas. Abin da ya rage min yanzu ɗan amfilifayan hedifon nake tara wa kuɗi saboda 'yan amshi. Wancan tsohon mara sunan kuma yana nan cikin kwali ƙarƙashin tebur, yarona ya ce a ba shi zai buɗe ya ga layi biyun da nake ta faɗa, na ce ya bari sai mun gama aikin bikin Asabar.