LG 29WP500, monita mai faɗi na masu ƙaramin ƙarfi: ra'ayina bayan na sha aiki da shi

Jama'a masu tambayata a kan monita mai faɗin nan da ke teburina, ga amsa a dunƙule: in aiki ne ya fi yawa a kwamfutarka kuma gem ɗin na dare ne kawai bayan isha, saye shi ba za ka yi da-na-sani ba. In kuma PS5 gare ka kuma don ita kake son monita, dan Allah riƙe sidinka, zan faɗi dalili a ƙasa.

Nawa LG 29WP500 ne, inci 29, irin wanda ake ce ma 21:9, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa har da ɗoriya. Cikinsa, wato yawan ɗigon hoton da ke faɗi da tsayi, 2560 da 1080 ne, shi kuwa monita na kullum 1920 da 1080, kenan an ƙara maka kashi ɗaya cikin uku na fili ta gefe, amma daga sama zuwa ƙasa ba a ƙara ko ɗigo ba. Wannan ne mutane ba sa ganewa sai sun buɗe kwali, suna jin inci 29 sai su zaci wani ƙaton abu za su gani, alhali tsayinsa daidai yake da na monita mai inci 23, faɗi ne kawai ya fi shi. Wani ɗan'uwa a nan Aboabo ta Kumasi da ya leƙo ɗakina cewa ya yi wai kamar an yanke ma talabijin kai.

Ni lissafin shago nake yi wa wani Alhaji, sannan ina haɗa wa mutane fosta ta aure da suna, kuma a nan ne kuɗina ya fito. Excel a hagu, WhatsApp a dama inda yaran shago ke turo hoton rasit, ina kallo ina shigarwa ba sai na ta rufe wannan na buɗe wancan ba. Ka danna maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama allon ya rabu biyu, kowane ɓangare ya samu 1280, ya ishe ka karanta takarda ba tare da ka matse ido ba. Gilashinsa IPS ne, shi ya sa in uwar amarya da ƙawarta suka tsaya ta gefe suna gardamar wane kore ne ya dace da leshin, kalar da nake gani ita suke gani, ba kamar tsofaffin monitoci masu gilashin TN ba da in ka karkata kaɗan sai fuskar mutum ta koma toka.

Gem kuma, to, gwargwado. 75Hz ne, wato sau 75 yake sabunta hoto a daƙiƙa, da FreeSync mai hana hoto tsagewa, ya ɗan fi 60 santsi amma masu harbe-harbe na gasa da suka saba da 144 ba zai burge su ba sam. GTA V da Euro Truck Simulator 2 suna cika allon kaf, a na motar ma har madubin gefe kake gani ba ka juya kai ba, wallahi daɗi. Valorant bai yarda da 21:9 ba. PS5 ma haka, 16:9 kawai take fitarwa, ko dai ka ga baƙi hagu da dama ko ka miƙe hoton 'yan ƙwallo su zama gajeru masu ƙiba, kenan ka biya kuɗin filin da ba za ka mora ba. Bidiyon YouTube ma yawanci da baƙin gefen za ka kalla, sai finafinan silima ne ke zama daram.

Za ka ji mai shago na zuga ka ka ƙara kuɗi ka ɗauki inci 34. Tambaye shi lambar cikinsa tukun. Akwai 34 da ke 2560 da 1080 ɗin nan dai, an baza ɗigon ne kawai a fili mai girma, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, ni ban ga amfaninsa ba. Na kirki shi ne 3440 da 1440, amma ɗigonsa ya kusa miliyan 5, ya fi ninki biyu na 1080 na kullum, in katin hotonka mai rauni ne gem zai dinga sarƙewa, ga tsada kuma.

Abin da ya rage masa ƙima a wurina: HDMI biyu ne kawai a bayansa, ba DisplayPort ba VGA, saboda haka mai tsohuwar laftof hom-yus, wato 'yar gwanjo, da VGA kaɗai gare ta ya yi tunani. Ba shi da sipika, sai ramin iyafis. Ƙafarsa sunkuyawa kawai take yi, ba ta hawa ba ta sauka, ni rim ɗin takarda na sa a ƙasa, ko da yake yana da ramukan VESA 100 da 100 in kana son ɗaura shi a hannu ko bango. An rubuta HDR10, wato fasahar fito da haske da duhun hoto, a kwali amma haskensa bai kai ya nuna wani abin a-zo-a-gani ba, kashe shi na yi.

Wajen saye, ko Adum ta Kumasi ka shiga ko a shafin saye da sayarwa na Jiji ka gani ko wani ka aika Circle a Accra, kar a tura MoMo, wato kuɗi ta waya, sai an kunna. Tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI taka, ka haɗa a gabansu ka duba saitin allo ko 2560 da 1080 ta fito, don wasu tsofaffin injuna a 1920 suke tsayawa. Sa hoto fari fat, sa baƙi wuluk, sa ja, ka kai ido kusa ka nemi ɗigon da ya mutu, a baƙin kuma ka duba kusurwoyi ko haske na yoyo. In hom-yus ne ka juya adaftar ka karanta, 19V take, wasu sai su haɗa ka da ta wata laftof da bakinta ke rawa, ka taɓa tebur allo ya ɗauke. A sa maka kwanakin garanti a rasit da biro, maganar baki ba ta dawo da kuɗi.

Ka ware wani abu na ekstenshan mai kariya ko ƙaramin UPS tun a lissafin farko saboda dumso, wato ɗaukewar wuta, dawowar wutar da ƙarfi ita ke cin kaya. Kuma ranar ɗaukowa ka yi haƙuri ka shiga tasi, kwalin dogo ne, a trotro, wato bas ɗin haya, sai dai ka biya kujera biyu kuma duk da haka gwiwar wani na jikin gilashin har Aboabo.