Gargaɗi ga masu neman saitin sola da injin iska don mota mai ɗaki ko jirgin ruwa

'Yan'uwa, duk mai shirin sayen kayan cajin batir na motar da ake kwana a cikinta ko na ƙaramin jirgin ruwa, ya dakata tukuna. Akwai masu talla a intanet da ke sayar da abin da suke kira "cikakken saiti": faifan sola, injin iska, na'urar daidaita caji da batirin litiyam, duk a ƙunshi ɗaya. Ni na saya, sun kuma yi mini sakiyar da ba ruwa. Sunan shagon ba zai amfane ku da komai ba, don kafin in gama gane abin da ya same ni sun rufe shafin, sun buɗe wani da sabon suna da hotuna iri ɗaya.

Daren farko da na dogara da kayan, ƙaramin firji da fitilu uku kawai na bari a kunne. Kafin asuba komai ya mutu. Na zaci laifin haɗin waya ne, sai na kira wani abokina mai aikin lantarki. Ko wayoyin bai kalla ba. Tef ɗin awo ya ciro, ya auna faifan: tsawo mita ɗaya, faɗi rabin mita, wato rabin murabba'in mita. A bayansa an manna takarda mai cewa wat 500. Ya yi dariya. Ya ce ma'aunin da ake gwada kowane faifai da shi shi ne hasken rana na wat 1000 a kan murabba'in mita ɗaya, a zafin digiri 25, kuma faifai mai kyau kashi 20 zuwa 23 cikin ɗari kawai yake mayarwa lantarki. Faifai mai girman nawa, in ya yi ƙoƙari, wat 100 da ɗan wani abu zai ba da. Kafin ya ba da 500 sai ya haɗiye duk hasken da ya sauka a kansa ba tare da asarar ko ƙwayar zarra ba, kuma ba a taɓa ƙera irinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai, girman faifan yana rubuce a cikin tallar. Da na yi wannan lissafin da ban biya ba.

Na'urar daidaita cajin kuwa an rubuta mata MPPT da manyan baƙaƙe. Ta gaskiya tana karɓar bolt 18 daga faifai, ta sauke shi zuwa 13 ko 14 da batir ke buƙata, ta mayar da rarar ƙarin amfiya: in 5 suka shiga, kusan 7 za su fito. Muka sa na'urar awon wuta, 5 ke shiga, 5 ke fita. Ya kwance murfin, babu naɗin wayar tagullar nan mai nauyi da ake samu a cikin ta gaskiya. PWM ce mai araha, wato nau'in da ba ya ƙara amfiya, aka sa wa rigar aro. Ita PWM ba laifi gare ta ba, tana caji daidai gwargwado, amma ba ita aka ce an sayar mini ba.

A injin iska ne ƙaryar ta fi muni. An rubuta wat 3000, alhali faɗin da'irar farfelar mita 1.2 ne. Iskar da ke gudun mita 12 a daƙiƙa, wadda ba ƙaramar iska ba ce, duk ƙarfin da ke cikinta a wannan da'irar bai wuce wat 1200 ba. Tun wajen 1919 Bajamushen masanin nan Albert Betz ya nuna cewa babu farfelar da za ta tatsi fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska, ƙananan injuna ma ba sa kusantar hakan. Sannan ƙarfin ba ya raguwa daidai da gudun iskar: in gudun ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. A iska ta yau da kullum, mita 5 a daƙiƙa, wat 30 ma sai an yi sa'a. Kuma ba su haɗo da na'urar da ke zubar da rarar wuta in batir ya cika ba. Faifan sola ana iya cire shi daga batir ya zauna lafiya, amma farfela in aka raba ta da abin da take ciyarwa cikin iska mai ƙarfi, gudu za ta yi ta yi har ta ƙone ko ta watse. Ku ɗauka hakan ya faru a tsakiyar ruwa, da mutane a ƙarƙashinta.

Batirin an ce Ah 100 ne (wato zai ba da amfiya 10 na tsawon awa goma), bolt 12.8. Irin wannan nauyinsa kan kai kilo 10 zuwa 13, nawa kilo 6. Muka cika shi, muka ɗora masa kayan da ke jan amfiya 10. Ya kamata ya yi kusan awa goma, bai kai huɗu ba. Da abokina ya buɗe shi (kada wanda bai san aikin ba ya gwada), rabin akwatin soso ne.

Da na yi ƙorafi, sai suka ce in ɗauko bidiyo. Na aika. Suka ce in jira sati biyu batirin ya "saba". Ashe jan lokaci suke yi har wa'adin mayar da kaya ya wuce. Don haka duk wanda kayansa suka riga suka iso, ya auna faifan, ya ɗora batirin a sikeli, ya yi gwajin awa goman nan a makon farko, ya shigar da ƙorafi ta hanyar da ya biya kuɗin tun kafin ya fara musayar saƙo da su. Wanda suka ce ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusunsu don a yi masa rangwame, ya sani ba shi da inda zai kai kuka.